Oda a Kan Oda: Wa Zai Ladabtar da Lauyan da Ke Yawo da Ƙara Kotu-Kotu?

A ranar Talata, 28 ga Mayun 2024, takardun kotu biyu suka fito a birnin Kano, kowace da hatiminta da sa hannun alƙali. Ta farko daga Babbar Kotun Tarayya, inda Mai Shari'a Simon Amobeda ya umarci a fitar da Muhammadu Sanusi II daga fadar Ƙofar Kudu. Ta biyu daga Babbar Kotun Jihar Kano, inda Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu ta hana 'yan sanda da sojoji da jami'an tsaron farin kaya taɓa shi ko fitar da shi daga fadar. Gari ɗaya, rana ɗaya, mutum ɗaya, gida ɗaya. Sashe na 287 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin waɗannan kotuna biyu, bai kuma ce ɗaya ta fi ɗaya ba. To, wanne kwamishinan 'yan sanda zai bi?

Abin ya faro ne kwana biyar kafin nan. Ranar 23 ga Mayu Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, ya mayar da Sanusi kan karaga. A ranar kuma Mai Shari'a Abdullahi Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin kowa ya tsaya inda yake, bisa ƙarar da Aminu Babba Ɗan'agundi ya shigar. Sarkin da aka sauke, Aminu Ado Bayero, ya dawo Kano ya sauka a Gidan Nassarawa. Ranar 27 ga wata kotun jiha ta hana shi kiran kansa sarki. Sai na 28 suka biyo baya. Kashegari Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugaban Babbar Kotun Tarayya, John Tsoho, da Babbar Jojin Kano, Dije Aboki, su zo Abuja su yi bayani.

Kowa ya ji sunayen alƙalan. An yi ta maimaita su a rediyo, an yi ta tsine musu ko yaba musu a majalisun unguwa, gwargwadon inda zuciyar mai magana ta karkata. Amma akwai wasu mutanen da ba su cika shiga bakin jama'a ba, alhali da hannunsu aka ƙulla kowace takarda. Alƙali ba ya tashi da safe ya ba da oda haka kawai. Sai wani ya zauna ya rubuta ƙara, ya zaɓi kotun da zai kai ta, ya tsara takardar rantsuwa, ya manna hatiminsa mai ɗauke da sunansa da lambarsa, ya tsaya gaban alƙali ya ce lamarin na gaggawa ne, ba za a iya jiran ɗaya ɓangaren ba. Wannan mutumin lauya ne. Kuma sau da yawa ya san sarai cewa akwai wata ƙara a kan wannan magana a wata kotu, ya zaɓi ya yi shiru.

Yadda ake ƙulla abin

Ba kowane zaɓen kotu ne laifi ba. Akwai shari'o'in da doka ta ba kotu fiye da ɗaya hurumin saurara, kamar ƙarar take haƙƙin ɗan Adam, wadda sashe na 46 ya buɗe wa babbar kotun jiha da ta tarayya. Lauyan da ya duba wadda ta fi kusa da wanda yake karewa, ko wadda ba ta da cunkoso, aikinsa ya yi. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da aka bar tambayar wace kotu ce ke da hurumi aka koma tambayar wane alƙali ne zai ba mu abin da muke so.

Hanyoyin sanannu ne ga duk wanda ya saba da harabar kotu. Wani zai shigar da ƙara guda a kotuna uku, ya jira ya ga gaban wa kowace ta faɗa, sannan ya janye biyu ya riƙe wadda ta yi masa. Wani idan ya sha kaye a nan, maimakon ya ɗaukaka ƙara, sai ya sauya wa maganar riga ya kai ta wata jiha. Rikicin sarauta ya zama ƙarar take haƙƙi. Rikicin jam'iyya ya zama neman fassarar doka. An saka sunan Sufeto Janar na 'Yan Sanda ko hukumar zaɓe cikin waɗanda ake ƙara, ba don suna da wani laifi ba, sai don a samu ƙofar shiga kotun tarayya. Mafi wayo a ciki shi ne sauya mai ƙara: a nemo wasu 'yan jam'iyya uku da ba wanda ya san su, a sa su shigar da ƙara a kan mutumin da a zahiri shi ya biya kuɗin lauyansu, shi kuma ya aiko nasa lauyan ya ce ba shi da ja. Wanda abin ya shafa da gaske ba a ma sa sunansa ba. A rediyo zai ji an yanke hukunci a kansa.

Makamin da ake amfani da shi kusan kullum ɗaya ne: umarnin wucin gadi da ake bayarwa a bayan idon ɗaya ɓangaren. Doka ta tanade shi ne don lalura ta gaske, misali an kawo motar rusau ƙofar gidanka, kafin a kai wa abokin shari'arka sammaci an riga an mayar da gidan fili. Tun 1989, a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya, Kotun Ƙoli ta yi bayani filla-filla cewa irin wannan umarni na gaggawar gaske ne kuma na ɗan gajeren lokaci. Dokokin Babbar Kotun Tarayya sun ƙayyade masa kwana 14. Amma ɗan siyasa ba ya buƙatar fiye da haka. Kwana 14 sun isa a hana taron jam'iyya, ko a wuce wa'adin miƙa sunan ɗan takara, ko a samu abin karantawa a taron manema labarai. Shi ya sa maganar da ake faɗa wa lauya a ofishinsa ba ta da tsawo: "Barista, a samo mana oda kafin Juma'a." Ba a tambayi ko akwai gaskiya ba. Ba a ma damu da yadda shari'ar za ta ƙare ba, domin galibi da zarar an samu takardar, sai a bar ƙarar ta mutu a cikin fayil.

Birnin Kudu, Birnin Kebbi, Kalaba

Shekarar 2021 ce ta fi tona asirin wannan sana'a. Jam'iyyar APGA tana shirin zaɓen gwamnan Anambra, ta tsayar da Charles Soludo. Kwatsam sai ga hukunci daga Babbar Kotun Jihar Jigawa da ke Birnin Kudu, yana cewa Jude Okeke ne shugaban riƙo na jam'iyyar. Victor Oye, wanda hukumar zaɓe ta sani a matsayin shugaba, ba ya cikin waɗanda aka yi shari'ar da su. Da wannan hukunci hukumar zaɓe ta fitar da jerin 'yan takara a watan Yuli babu sunan Soludo, ta sa Chukwuma Umeoji. Daga Awka zuwa Birnin Kudu tafiyar yini guda ce cur a mota, an ratsa jihohi da dama, kowace da kotunanta. Me ya kai rikicin da zai tantance gwamnan Anambra can? Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kano ta rushe hukuncin a watan Agusta, Kotun Ƙoli ta tabbatar, Soludo ya ci zaɓen a Nuwamba. Mai Shari'a Chioma Nwosu-Iheme ta Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Awka ta fito fili a lokacin ta nemi a hukunta alƙalan da suka karɓi irin wannan ƙara, da kuma lauyoyin da suka kai musu.

Ba a gama wannan ba sai na PDP ya ɓalle. Ranar 23 ga Agusta Babbar Kotun Jihar Ribas ta dakatar da Uche Secondus daga shugabancin jam'iyya. Ranar 26 Babbar Kotun Jihar Kebbi ta mayar da shi. Ranar 27 Babbar Kotun Jihar Kuros Riba da ke Kalaba ta sake dakatar da shi. Oda uku cikin kwana biyar, daga kotuna uku masu daraja ɗaya, dukkansu ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba. Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya kira manyan jojin jihohi shida, Ribas, Kebbi, Kuros Riba, Anambra, Jigawa da Imo. A watan Disamba Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta sanar da hukuncinta: Okogbule Gbasam na Ribas da Nusirat Umar ta Kebbi ba za su samu ƙarin girma zuwa kotu ta sama ba har shekara biyu, Edem Kooffreh na Kuros Riba kuwa shekara biyar.

Mutane da yawa sun ce hukuncin ya yi sauƙi, ni ma ina ganin haka. Amma ko ba komai an faɗi sunaye, an faɗi laifi, an faɗi hukunci, duk cikin wata huɗu. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a ƙarƙashin Olumide Akpata ta kafa kwamiti, ta kuma sanar cewa za ta miƙa wasu lauyoyi gaban kwamitin ladabtarwa. Sai dai ƙasa ba ta ga an yi wa ɓangaren lauyoyi irin shelar da aka yi wa na alƙalai ba. Wannan giɓi ne babba, domin alƙalin da aka hana ƙarin girma zai yi taka-tsantsan gobe, amma lauyan da ya karɓi kuɗinsa ya wuce lafiya zai nemi wani alƙalin.

Kada a ɗauka sabon ciwo ne. A daren 10 ga Yunin 1993 Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta kotun Abuja ta ba ƙungiyar Arthur Nzeribe umarnin hana zaɓen shugaban ƙasa da za a yi bayan kwana biyu. An yi zaɓen, wata kotun Abuja ta hana bayyana sakamako, wasu kotuna a wasu jihohi suka ce a bayyana. Da gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen, ruɗanin kotuna yana cikin hujjojin da ta kafa. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi.

Kada kuma a ɗauka Kotun Ƙoli ba ta yi magana ba. A 1992, a shari'ar Saraki da Kotoye, ta bayyana cewa shigar da ƙararraki barkatai a kan magana ɗaya tsakanin mutane ɗaya wasa ne da tsarin shari'a. A 2003 rikicin takarar gwamnan Jigawa a jam'iyyar ANPP tsakanin Bashir Dalhatu da Saminu Turaki ya je gabanta, ta ce Babbar Kotun Abuja ba ta da hurumin sauraron abin da bai faru a Abuja ba. A 2017 ta maimaita wannan a shari'ar Mailantarki da Tongo, rikicin kujerar majalisar tarayya daga Gombe da shi ma aka ɗauko aka kai Abuja. Game da sarauta kuwa, tun 1989 shari'ar tsohon Sarkin Muri, Umaru Abba Tukur, da Gwamnatin Jihar Gongola ta nuna cewa ba a lulluɓe rikicin tuɓe sarki da mayafin take haƙƙi a kai shi kotun tarayya. Waɗannan shari'o'i ana koyar da su a makarantar horas da lauyoyi. Babban lauyan da ya ɗauki irin wannan ƙara ya kai inda bai dace ba, ba rashin sani ya kai shi ba. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a rikicin masarautar Kano, a watan Maris kuma ta dakatar da aiwatar da hukuncin nata har sai Kotun Ƙoli ta yi magana. A tsakanin nan 'yan sanda sun hana hawan Sallah a 2024 da 2025, wato masu dawaki, da maɗinka, da masu sayar da kayan doki, da duk wanda ke cin abinci a wannan mako, sun biya kuɗin rikicin da ba su shigar da ƙararsa ba.

Sandar tana nan

Dokar aikin lauya ta kafa kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, a ƙarƙashin majalisar dattawan aikin lauya. Idan ya samu lauya da aikata abin kunya a sana'arsa, yana da zaɓi uku: ya gargaɗe shi, ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, wanda ke nufin ya bar aikin ke nan. Akwai wani kwamitin daban mai ba da muƙamin Babban Lauyan Najeriya, SAN, kuma yana da ikon dakatar da muƙamin ko ƙwace shi. Ƙa'idojin ɗa'ar aiki, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ce lauya ma'aikacin kotu ne kafin komai. Ba zai shigar da ƙara don ya muzguna wa wani kawai ba. Ba zai ɓoye wa alƙali abin da ya wajaba ya sani ba. Ba zai yi abin da zai kawo cikas ga gudanar da adalci ba.

An kuma ƙara wasu shingaye. Dokokin Babbar Kotun Tarayya na 2019 sun buƙaci mai ƙara ya haɗa da takardar rantsuwa cewa bai shigar da irin wannan ƙara a wata kotu ba. A Babbar Kotun Abuja lauya yana sa hannu a takardar da ke shaida cewa ya ba mai ƙara shawara kan ƙarfin shari'arsa, kuma ya yarda a ɗora masa kuɗin ɓata lokaci idan ƙarar ta zama ta banza. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tattara shari'o'in share fagen zaɓe ta miƙa wa kotun tarayya kaɗai, don a rufe ƙofar kotunan jihohi. A shekarar ce kuma NJC ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan shari'o'in siyasa.

Wanda ya taɓa tsayawa a ofishin rajistar kotu ya san yadda waccan takardar rantsuwa take tafiya. Shafi ɗaya ce, layi biyar ko shida. Galibi ba mai ƙarar ne ke rantsuwar ba, ba kuma babban lauyan ba. Wani ƙaramin ma'aikacin ofishin lauya ne zai zo da ita cikin fayil, ya biya kuɗi a taga, mai karɓar rantsuwa ya buga hatimi ba tare da ya ɗaga kai ba, domin akwai mutum ashirin a bayansa. Babu wanda zai duba ko gaskiya ne, babu ma inda zai duba, tunda rajistar Kano ba ta ganin abin da aka shigar a Dutse, ta Dutse ba ta ganin na Abuja. Idan kuma an sauya sunan mai ƙara, rantsuwar ta zama gaskiya a baki, ƙarya a zuciya. Takardar da aka ƙirƙiro don kama mai laifi ta koma wani shafi da ake cikewa.

Inda kotu ta taɓa nuna fushi na gaske shi ne Fabrairun 2020. Bayan Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi, aka dawo ana neman ta sake duba hukuncinta. Mai Shari'a Amina Augie ta karanta hukunci mai zafi, kotun ta ci tarar lauyoyin da suka kawo buƙatar, Afe Babalola da Wole Olanipekun, naira miliyan 30 kowannensu, ta ce daga aljihunsu za su biya. Waɗannan suna cikin manyan lauyoyin ƙasar nan, don haka labarin ya girgiza masu sana'ar. Ya nuna cewa kotu tana iya tsallake mai ƙara ta kama hannun da ya rubuta ƙarar. Amma tara tana da iyaka. A shari'ar da kujerar gwamna ce a kan tebur, wanda ya ɗauki lauya zai iya biyan tarar cikin kuɗin aiki bai ji a jikinsa ba. Abin da kuɗi ba ya saya wa lauya shi ne lasisinsa da muƙaminsa. Dakatarwar shekara biyu ga mai SAN ɗaya, da sunansa a jarida da dalilin hukuncin, za ta yi aikin da tara goma ba su yi ba.

To me ya hana? Wani ɓangare na amsar shi ne tsarin kansa. Kwamitin ladabtarwa guda ɗaya ne ga ƙasar da ke yaye dubban lauyoyi duk shekara, mambobinsa manyan alƙalai ne da manyan lauyoyi masu nasu ayyukan. Yawancin hukunce-hukuncen da ake ji daga gare shi sun shafi lauyan da ya cinye kuɗin wanda yake karewa ko ya sayar da filin da aka ba shi amana. A irin wannan akwai wanda aka cuta, yana da zafin rai, zai bi ƙorafinsa har ƙarshe. A yawo da ƙara kuwa, wa zai kai ƙorafi? Wanda ya ɗauki lauyan ya ji daɗin aikin. Abokin hamayyarsa shi ma ya aika nasa lauyan wata jihar ya samo tasa odar, ba zai so a buɗe wannan littafi ba. Alƙalin da aka yaudara yana jin kunyar ya ce an yaudare shi, wanda ba a yaudara ba kuwa ya fi kowa son a yi shiru. Wanda aka cuta da gaske shi ne tsarin shari'a, shi kuma ba ya rubuta takardar koke.

Ɗaya ɓangaren amsar ya fi ɗaci. Masu irin waɗannan shari'o'i ba ƙananan lauyoyi ba ne. Manya ne, masu faɗa a ji a ƙungiya, waɗanda ƙananan ke neman aiki a ofisoshinsu, waɗanda ake zama da su a kwamitoci. A Mayun 2024 shugaban NBA na lokacin, Yakubu Maikyau, ya fitar da sanarwa mai kaushi kan abin da ya faru a Kano, ya nemi a binciki alƙalai da lauyoyi baki ɗaya. Magana ce mai kyau, kuma irinta aka yi a 2021. Jama'a suna da haƙƙin su ji ƙarshen irin waɗannan alkawura, ko da sakamakon shi ne an wanke waɗanda ake zargi.

Adalci ne a faɗi abin da lauyoyi ke cewa don kare kansu. Suna cewa mai ƙara yakan ɓoye musu cewa ya ɗauki wani lauyan a wani gari. Hakan na faruwa, kuma wanda aka yi wa haka bai cancanci hukunci ba, matuƙar ya sanar da kotu ranar da ya gano. Suna cewa nasu roƙo ne, alƙali ne mai bayarwa. Gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya ce a ƙyale alƙalai. Amma wannan hujja ba ta wanke wanda ya karanta a duk jaridun ƙasa cewa wata kotu ta ba da umarni jiya, sannan ya tsaya yau gaban wata ya yi kamar bai ji ba. A shari'ar da ake yi a bayan idon wani, alƙali ba shi da ido sai na lauyan da ke gabansa. Nauyin faɗin gaskiya duka, har da wadda ba ta yi masa daɗi ba, a kansa yake.

Ba 'yan siyasa kaɗai ba

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗabi'ar ta gangaro ƙasa. Shari'ar gado ce a kotun Musulunci, gida ɗaya da gona, marayu da mahaifiyarsu a gefe guda, ƙanin mamaci mai hali a ɗaya gefen. Da ya ga alamar rabon ba zai yi masa daɗi ba, sai ga takarda daga babbar kotu tana neman a dakatar da alƙali. Kafin a gama wannan, an kai babban ɗan marigayin gaban majistare da tuhumar shiga gona ba izini. Idan ya kai ƙara wurin 'yan sanda, sai a shigar da ta take haƙƙi a kansa da su. Matar da ba ta taɓa taka kotu ba sai bayan takabarta, yanzu tana da ranaku uku a wata a kotuna uku. Za ta biya kuɗin mota, ta zauna a benci tun ƙarfe tara da jaka cike da takardun da ba ta iya karantawa, a kira ƙarar ƙarfe ɗaya, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce akwai magana a gaban wata kotu, a ɗage zuwa bayan hutu. Ba a shigar da waɗannan ƙararraki don a ci su ba. An shigar da su ne don ta gaji. Ranar da ta ce "na bar su da Allah" ta karɓi abin da aka ba ta, aikin lauyan ya kammala, kuma babu kundin da zai rubuta cewa an yi zalunci.

Malaman fiƙihunmu sun san wannan haɗari tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim da alƙalan kotunan Musulunci ke aiki da ita, mashahurin zance shi ne ana yin shari'a a inda wanda ake ƙara yake, ba inda mai ƙara ya ga dama ba. Hikimar a fili take: kada mai ƙarfi ya ja mai rauni zuwa inda ba shi da kowa. Dokar da muka gada daga Turawa ma a nan ta tsaya. Duk hanyoyin biyu sun yarda, masu aiki da su ne suka kauce.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka mai yawa. A sa lauyan da ya sa hatiminsa a ƙara shi ne zai yi rantsuwar da kansa, kuma rantsuwar ta haɗa da duk wata ƙara da ya sani a kan wannan magana, ko da sunayen masu ƙarar sun bambanta. A haɗa rajistar manyan kotuna a kwamfuta, yadda magatakarda a Birnin Kebbi zai buga sunan jam'iyya ya ga abin da aka shigar a Fatakwal shekaranjiya. Ƙasar da bankunanta ke gane mutum da lamba ɗaya a kowane reshe ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Mafi muhimmanci, duk lokacin da wata kotu ta yanke cewa ƙara wasa ce da tsarin shari'a, ko NJC ta hukunta alƙali kan odar da ta ci karo da wata, fayil ɗin ya wuce kai tsaye zuwa kwamitin ladabtar da lauyoyi ba tare da jiran mai koke ba, a sa wa'adi, a buga sakamako.

Alƙaliyar Alƙalai ta yanzu, Kudirat Kekere-Ekun, ta yi alkawarin magance odoji masu karo da juna tun lokacin da Majalisar Dattawa ke tantance ta a 2024. Duk da haka a ƙarshen 2025, gab da babban taron PDP a Ibadan, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin hana taron, Babbar Kotun Jihar Oyo ta ce a ci gaba, kotun tarayya ta sake hanawa a ƙarar Sule Lamido, aka kuma yi taron a tsakiyar Nuwamba. Zaɓen 2027 yana tafe da zaɓukan fitar da gwani a jihohi 36, kuma lauyoyin da za su rubuta ƙararrakinsa sun ga abin da ya samu waɗanda suka rubuta na 2021 da na 2024.